Minti Goma Sha Biyar da Suka Ci Kwana Uku

Hafsa, wannan babin naki ne. Ƙanenki Sadiƙ ma ya karanta, amma shi shekararsa goma sha ɗaya a lokacin, abin da ya riƙe kaɗan ne. Ke kuwa kin riƙe komai, kuma na san yadda kika riƙe shi. Duk shekarun nan ba ki taɓa ɗaga mini murya ba. Kina kawo mini abinci, kina kai ni wajen GP, likitanmu na unguwa, kina yi mini faɗan shan magani. Amma duk ranar da aka ambaci mahaifiyarki a gabana, sai ki miƙe ki shiga kicin ki kama wanke kwanon da ba shi da datti. Ni ba yaro ba ne. Abin da ke cin ki shi ne me ya sa aka binne Mama ba na nan, kuma me ya sa ni da bakina na ce kada a jira ni. To ki zauna, yau zan ba ki amsa, har da wurin da laifin nawa ne.

A shekarun da gwamnati ta kama tsuke bakin aljihu muna zaune a unguwar Sparkhill ta Birmingham, a gidan nan mai jar ƙofa da ke bayan Stratford Road. Shekara goma sha shida ina aiki da council, wato hukumar gari, injiniyan hanyoyi da gadoji. Aka fara da rufe wurin wasan matasa na unguwa, aka rage ranakun laburare, muna ta cewa Allah ya kyauta, har abin ya hau bene ya iso ofishinmu. Wata Talata aka tara mu a ɗaki, aka zuba mana shayi, aka miƙo biskit, aka ce an gode da hidimarmu. Kai, ban taɓa ganin mutanen da suka iya korar mutum cikin ladabi kamar mutanen ƙasar nan ba! Wanda ya miƙo mini takardar sai da ya ba ni haƙuri sau uku, har na ji kamar ni zan lallashe shi.

Wata bakwai na yi a gida. Na gyara famfo, na gyara tagar ɗakinku, na kwance ƙofar banɗakin da lafiyarta ƙalau na sake ɗaurawa. Na zama mai faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, kin tuna ranar da na tayar da hankalin gida saboda an bar fitilar matakala a kunne. Mahaifiyarku tana ta kallona, sai rannan ta ce:

"Injiniya, in ba ka samu aiki ba, wallahi gidan nan za ka rushe ka sake ginawa, mu kuma muna ciki."

Haka take kirana in tana son tsokana, Injiniya. Ni kuma Hajiya nake ce mata tun kafin ta je Makka.

Aikin da ya zo daga ƙarshe a can ƙarshen duniya yake. Wani kamfani ne yake kafa injinan iska masu ba da lantarki a wani ɗan tsibiri a arewacin Scotland, suna neman wanda zai tsaya a kan aikin tushen ginin. Mako uku a can, mako ɗaya a gida. Mutanen tsibirin duka ba su kai mutanen layinmu ba, tumaki sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Ke kika fara cewa ya yi nisa, kina shekarar ƙarshe kafin ki tafi jami'a, kuma kin san Mama ba ta daɗe da gama maganin ciwon daji ba. Sai na ɗauko takarda da biro, ni sarkin lissafi, na zaunar da ku a teburin kicin. Daga ƙaramin tsibiri zuwa filin jirgin babban tsibirin da ke kusa da shi mil ashirin da 'yan kai, jirgi yana yinsa a minti goma sha biyar. Daga babban tsibiri zuwa Aberdeen kusan awa ɗaya. Daga nan zuwa Manchester awa ɗaya da 'yan mintuna. A Manchester kuma ga kawunku Dakta Kabiru, yayan mahaifiyarku, zai ɗauko ni a mota zuwa Birmingham, awa biyu. Na haɗa da zaman jira, na ja layi, na rubuta awa bakwai da manyan baƙaƙe, na liƙa takardar a jikin firij.

"Kun gani?" na ce. "In aka kira ni da safe, da ni za a yi la'asar. Wanda ke aiki a Landan ma in cunkoso ya kama shi sai ya fi ni daɗewa."

Mahaifiyarku ta sa tabarau ta karanta daga sama har ƙasa, ta ce, "Lissafi ya yi kyau. Amma Injiniya, a wane layi ka sa in Allah ya so?"

Na ce haba Hajiya, ai wannan a zuci yake. Ta yi dariya ta ci gaba da yanka albasa.

Ga inda na yi kuskure, kuma kuskuren ɗan Kano ne. Mu a wurinmu, in tafiya gajera ce to ta zo hannu. Mil ashirin ai kamar daga Kano zuwa Wudil ne. In motar haya ba ta cika ba sai ka ɗauki shata, in babu mota ka tsayar da babur, in abin ya yi tsanani ka tsaya a bakin titi ka ɗaga hannu, wani bawan Allah zai tsaya. Da wannan kan na kalli minti goma sha biyar ɗin nan, na ce ai shi ne mafi sauƙi a duk tafiyar. Hankalina yana kan manyan jiragen, ban ko tsaya na tambayi sau nawa ƙaramin yake tashi ba.

Zuwana na farko na gane. Jirgin kujera takwas gare shi, matuƙin ma sai ya waiwayo ya gaishe ku ɗaya bayan ɗaya kamar direban motar kasuwa. Filin jirgin kuwa ciyawa ce da wata 'yar rumfar katako. Wani dattijo manomi mai suna Magnus shi ne komai a wurin: shi yake korar tumaki daga filin kafin jirgi ya sauka, shi yake auna jaka, shi ne mai kashe gobara in ta tashi. Jirgin ba kullum yake zuwa ba, kuma in sanyi ya shigo ranakun ma raguwa suke yi. Na taɓa nuna wa Magnus lissafina ina taƙama, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da ni cikin Turancinsu mai wuyar ji:

"Umar, mu nan ba ma tambayar minti nawa. Tambayarmu ita ce yau iska ta yarda ko ba ta yarda ba."

Na ji shi sarai. Hafsa, ki lura da wannan, don shi ne laifina na gaske: na san takardar nan ba ta faɗi gaskiya duka ba, amma na dawo gida na gan ta a jikin firij na bar ta. Duk bazarar nan jirgi bai taɓa saɓa mini ba, sai na ce wa kaina tsoho ne kawai mai son tsoratarwa. Kuma ina ganin yadda Sadiƙ yake nuna wa abokansa takardar yana cewa babansa awa bakwai ne kawai. Ta kwantar muku da hankali, ni ma ta kwantar mini, sai na kasa cire ta.

Da kaka ta shigo ciwon mahaifiyarku ya dawo. Likitoci suka ce ba na warkewa ba ne, amma akwai sauran watanni, wataƙila ma a ga wata bazarar. Saura mini zuwa ɗaya in gama aikin, mako uku, a zuba kankaren tushe na ƙarshe. Na ce ba zan koma ba. Ranar Lahadi bayan la'asar, ke da Sadiƙ kun tafi sayo kaya a Stratford Road, ta kira ni kicin ta ce in ja kujera.

Kin san mahaifiyarku tana cikin matan da ke wankan gawa a masallacinmu. Shekara da shekaru in mace ta rasu a cikin mutanenmu, daga Lozells har Ladywood, ita ake bugo wa waya, ta ɗauki jakarta ta likkafani da turare ta fita ba ta ce wa kowa komai ba. Abin da ba ki sani ba shi ne irin halin da take dawowa a ciki in an kawo musu wadda ta daɗe a mutuware ana jiran dangi su iso daga wata ƙasa. Sai ta yini ba ta ci abinci ba. Ta sha ce mini baiwar Allah ta gama wahalar duniya, an kuma ajiye ta a cikin sanyi kwana shida saboda wani yana neman biza.

"Ka koma ka ƙarasa musu aikinsu," ta ce. "Amana ka ɗauka. Na ga yadda ka zama da kake zaune a gida, ba na so in tafi in bar wa yaran nan wancan mutumin."

Na ce Hajiya wace irin magana ce wannan, wa ya ce za ki tafi.

"Bari wannan, ni na wanke mata da yawa, na san yadda abin yake zuwa. Abu ɗaya nake roƙo. In ta Allah ta kasance kana can, kada a ajiye ni ana jiranka. Ko kwana ɗaya kada a ƙara mini saboda kai. Da an samu takardar shaidar rasuwa a kai ni makwancina."

Na nuna mata firij da hannu, ni wawa, na ce awa bakwai ne fa. Ko waiwayawa ba ta yi ba.

"Ka yi mini alkawari, Injiniya. Kuma kada ka gaya wa yaran, Hafsa tana da jarrabawa. In ta ji ina irin wannan maganar ba za ta iya karatu ba."

Na yi mata alkawari. Da na ga dama da na ce na ji, amma ba inda za ni, kamfani su nemi wani. Ba wanda zai ɗaure ni. Amma na ji tsoron komawa zaman gida, na kuma jingina da watannin da likitoci suka faɗa da takardar da na san tana da rami a cikinta. Washegari na ɗauki jakata.

Kwana goma sha huɗu da komawata, ranar Litinin da safe, kawunku ya kira ni daga asibiti. Tun daren Lahadi ya taho daga Manchester. Shi likita ne, ba ya ɓata magana.

"Umaru, ka taho yau. Jikin ya juya."

Iska kuwa tun ranar Lahadi ta taso. Ba irin iskar da kuka sani a Birmingham ba, wadda take kayar da kwandon shara. Wannan in ka buɗe ƙofar mota sai ta nemi fizge ta daga hannunka. Na isa filin jirgi da jakata, na tarar da Magnus yana ɗaure ƙofar rumfa da igiya. Ya dube ni, ya dubi jakar, ya girgiza kai. Babu jirgi yau, jirgin ruwan da ke kawo kaya ma an tsayar da shi. Na ce to a samo mini shata, ko nawa ne. Na bi gidajen masunta uku ina buga ƙofa, ɗayansu har ya kama ni a kafaɗa ya kai ni bakin gaɓa ya nuna mini teku, ya ce in ya fita da ni, gawa biyu za a nema. Abin da ya fi ƙona mini rai, in hadarin ya ɗan yaye ina hango babban tsibirin da idona, ga shi can baƙi-baƙi a kan ruwa. Wallahi Hafsa, da ƙasa ce a tsakani da na taka da ƙafa na isa kafin magariba.

Da yamma kika sa mata wayar a kunne, kin tuna. Muryarta ta yi ƙasa sosai. Na ce mata ina nan tafe, iska ce ta tsare ni. Ta ce ta sani, tana jin kukanta ta cikin wayar. Ta tambaye ni ko na ci abinci. Sannan ta ce, "Ka tuna dai," ba ta ƙarasa ba saboda kina tsaye a kanta. Na ce na tuna.

Talata da hantsi ta cika. Ina zaune a rumfar Magnus da jaka a tsakanin ƙafafuna lokacin da kawunku ya kira. Bayan mun yi salati, sai ya ce takardu ba za su ba da wahala ba tunda a hannun likitoci ta rasu, mutanen masallaci sun ce za a iya yin jana'iza gobe bayan azahar.

"Amma kai ne mijinta," ya ce. "In ka ce a jira, za a mayar da ita mutuware a jira. Yaushe jirginku zai tashi?"

Na tambayi Magnus. Ya ce wataƙila Alhamis, wataƙila Asabar, shi ba zai yi mini ƙarya ba. Na rufe ido. Shekara ashirin da uku muna tare da matar nan, ina son in ga fuskarta sau ɗaya, ina son in sa hannuna in sauke ta da kaina, ba abin da na taɓa so a duniya kamar wannan. Na ce, "Yaya, a kai ta gobe. Kada a jira ni."

Sai na ji an fizge wayar, na ji muryarki.

"Baba, what do you mean? Minti goma sha biyar ne fa! Kai ka rubuta! Mu jira ka, please, ko kwana biyu ne."

Na ce, "Hafsa, ki yi haƙuri, haka za a yi." Kika ce, "Aikinka ya fi ta ke nan," kika ajiye wayar. Wannan ce kawai maganar da kika taɓa faɗa mini a kan abin, kuma har yau tana kunnena yadda kika faɗe ta.

Laraba da azahar na koma rumfar, don na kasa zaman ɗaki. Magnus ya tambaye ni ƙarfe nawa za a yi, na gaya masa. Da lokacin ya yi na fuskanci alƙibla na ɗaga hannu ina yi mata addu'a, katakon rumfar yana ta ƙara kamar zai ɓalle. Da na shafa na waiwaya, sai na ga tsohon nan a tsaye a bayana, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Bai san me nake faɗa ba, amma bai zauna ba sai da na gama. Allah ya saka masa, shi kaɗai ne ya tsaya mini a jana'izar matata.

Alhamis da safe gari ya waye tsit, kamar ba a taɓa yin iska ba. Jirgi ya sauka, na shiga, muka tashi ƙarfe tara. Na dubi agogo da muka ɗaga, na sake duba da tayoyin suka taɓa ƙasa a babban tsibiri: minti goma sha huɗu. A nan ne na yi kukan da ban yi ba tun Talata, har matuƙin ya waiwayo. Sauran jiragen duk suka tashi a kan lokaci, kawunku yana jirana a Manchester, ƙarfe huɗu daidai ina ƙofar gida. Awa bakwai cif. Lissafina bai yi kuskuren minti ɗaya ba, sai dai an riga an binne ta da kwana ɗaya.

Kwana ɗaya, Hafsa. Na san shi ne ya fi yi miki ciwo, ni ma shi ne. Ban san iskar za ta faɗi ranar Alhamis ba, amma ba zan ɓoye a bayan wannan ba: ko da na sani, abin da zan ce ke nan, domin ta ce ko kwana ɗaya. Za ki ce me ya hana ni gaya miki bayan an yi bakwai, ko bayan kin gama jarrabawa. Na sha buɗe baki in fasa. Gani nake in na ce Mama ce ta ce, na ɗora mata abin da ni na jawo, tunda da ban hau jirgin nan ba da babu wanda za a jira. Fushinki ya dace da ni, sai na bar shi a kaina. Yanzu na gane ban kyauta miki ba, na bar ki shekaru kina zaton an yi gaggawar rabuwa da mahaifiyarki don ba a damu da ita ba, alhali abin da ta roƙa ne aka yi mata.

Ranar da na iso, bayan masu gaisuwa sun ragu, na shiga kicin in sha ruwa, sai ga takardar nan a jikin firij tana kallona, awa bakwai da manyan baƙaƙe. Raina ya ɓaci, na fizge ta zan yayyaga. Sai na ga rubutu a bayanta da jan biron da take yi wa Sadiƙ gyaran aikin makaranta da shi. Ban san ranar da ta cire ta ta rubuta ta mayar ba. Layi biyu ne. Na sama ya ce, "In Allah ya so." Na ƙasa ya ce, "In kuma bai nufa ba, Injiniya, na yafe maka."

Takardar tana cikin ambulan ɗin da na haɗa da wannan littafin, ta yi laushi saboda ninkewa, ki buɗe ta a hankali. Za ki gane hannun. Ita ta yafe mini tun kafin in yi laifin, Allah ya ji ƙanta ya haskaka makwancinta. Saura ke, Hafsa.